Soyayyar ofis a kan tsohon tubali: wanne ya cancanci riyal ɗinku?

Wanda duk ya saba leƙa sashen littattafan Turanci a Maktabar Jarir, a Makka ne ko Jidda ko Madina, ya san irin bangon da muke nufi: ruwan hoda ko ruwan ɗorawa, an zana mace da namiji sun ba juna baya, ita da jakar kwamfuta a kafaɗa, shi da kofin gahawa a hannu. A bayan wasunsu za ku ga an rubuta cewa tsohon labarin Jane Austen ne aka sake wa riga, aka ɗauko shi daga gidajen masu gonaki na Ingila aka kai shi ofis ko asibiti ko jami'a. Matasanmu da suka yi karatu da Turanci, musamman 'yan mata masu aiki a asibitoci da otal-otal da kamfanonin hidimar alhazai, suna karanta su bayan an tashi daga dawam. Tambayoyin da ke yawo kuwa ba su canzawa: wanne ne mai daɗi, wanne za a iya ajiyewa a falo ba a ji kunyar Hajiya ba, wanne ne asarar kuɗi.

Ga amsar tun da wuri. Idan guda ɗaya za ku saya, ku sayi Ayesha at Last na Uzma Jalaluddin. Idan biyu ne, ku haɗa da By the Book na Julia Sonneborn, amma ku fara karanta gargaɗin da ke ƙasa game da sunansa da abin da ke cikinsa. Sauran kowanne da inda ya yi kyau da inda ya gaza, kuma kusan duk gazawar daga wuri ɗaya take fitowa.

Wurin nan shi ne katangar da ta raba masoyan. A cikin Pride and Prejudice na Austen, wanda ya fito a 1813, Mista Bennet yana da 'ya'ya mata biyar, babu namiji ko ɗaya. Gidansu na Longbourn da gonakinsa suna kawo fam 2,000 a shekara, amma an ɗaure gadon a kan namiji, ranar da uban ya rufe ido wani ɗan'uwansa na nesa, Mista Collins, zai karɓe komai, uwa da 'ya'ya su nemi inda za su raɓa. Mu da muka tashi a kan rabon gado na Musulunci, inda 'ya'ya mata biyu zuwa sama suke da kashi biyu cikin uku idan babu ɗa namiji, sai mun tsaya mun yi tunani kafin mu gane girman wannan tashin hankali. Mace mai asali a wancan zamani ba ta da sana'ar da za ta riƙe kanta da ita, in ba koyar da 'ya'yan masu kuɗi a gidajensu ba. Saboda haka lokacin da Elizabeth, ta biyu a cikin 'ya'yan, ta ƙi auren Collins, sannan a babi na 34 ta ƙi Darcy mai samun fam 10,000 a shekara, da rufin asirin gidansu gaba ɗaya take caca. Wannan ne ya sa gaban mai karatu ke faɗuwa.

To yanzu a ɗauko Elizabeth a ba ta digiri da albashi da mota. Ta ƙi Darcy ranar Alhamis, ranar Lahadi ta koma bakin aikinta, ƙarshen wata kuɗinta ya shiga banki. Me ta rasa? Babu. Katangar ta rushe, kuma dole marubuciya ta gina wata a gurbinta, in ba haka ba labarin ya zama mutum biyu masu taurin kai suna harare-harare a kan abin da saƙon waya guda zai warware. Katangun da ake ginawa ba su da yawa. Ko dai ɗaya yana sama da ɗaya a wurin aiki, ko su biyun suna neman kujera ɗaya, ko aikin ɗaya ya rataya a wuyan ɗayan, ko kuma iyaye da addini da surutun jama'a su tsaya a tsakani. Na ƙarshen nan shi ya fi riƙe nauyi, domin shi kaɗai ne bai mutu ba tun zamanin Austen.

Akwai wasu sassa biyu da su ma suke karyewa wajen ƙaura. Na farko wasiƙa. A babi na 35 Darcy ya tare Elizabeth da safe ya miƙa mata doguwar wasiƙa hannu da hannu, domin a lokacin saurayi da budurwar da ba a yi musu baiko ba ba sa aika wa juna takarda a fili. Wasiƙar ita ce ƙofa ɗaya tilo da gaskiya za ta bi. A ofishin zamani kuwa akwai imel da waya da taron safe, sai mai karatu ya tambayi kansa me ya hana shi faɗa tun babi na biyar. Marubuciyar kirki tana ba shi dalilin yin shiru, kamar sirrin mara lafiya ko mutuncin ƙanwarsa. Na biyu gudun Lydia, autar gidan Bennet, da wani mayaudarin soja mai suna Wickham. Yarinya 'yar shekara 16 ta bi namiji ba aure, abin kunyar ya shafi auren yayyenta duka. A Landan ta yau wannan ba ya girgiza kowa, shi ya sa ake musanya shi da damfara ko hotunan tonon asiri. Wani lokaci ya zauna, wani lokaci a ga ɗinkin a fili.

Ga wata dabara da za ku iya yi a tsaye a gaban kanta. Littafin Austen babi 61 ne, neman auren farko da aka ƙi yana babi na 34, wato an ɗan gota tsakiya. Ku buɗe littafin da ke hannunku daidai rabi, ku ɗan ƙara shafi ashirin ko talatin. Idan a wajen nan kuka tarar da babban faɗan, shi ya furta ita ta watsa masa ƙasa a ido, to marubuciyar ta bar wa kowannensu fili ya gane kuskurensa ya gyara hali. Idan kuwa har kashi uku cikin huɗu ana ta zolayar juna a ɗakin shan shayi, ku sani shiryawar za ta zo a gurguje a shafuka talatin na ƙarshe, ba za ta gamsar ba.

Ayesha at Last

Ya fara fitowa a Kanada a 2018, bugun Amurka ya biyo baya a 2019. Labarin yana Toronto, cikin Musulmi 'yan asalin Indiya. Ayesha Shamsi malamar makarantar sakandare ce ta wucin gadi, mai rubuta waƙe, tana koyarwa ne don ta biya kawunta bashin kuɗin karatu. Khalid Mirza yana aiki a wani kamfanin fasaha, yana zuwa ofis da farar jallabiya da hula da cikakken gemu, ya kuma bar wa mahaifiyarsa zaɓen matar da zai aura.

Tun a farko-farkon littafin akwai wurin da ya nuna marubuciyar ta san abin da take yi. An kawo sabuwar shugaba, Sheila. Ta miƙo wa Khalid hannu, shi kuma cikin ladabi ya ce ba ya musabaha da mata. Daga wannan lokacin ta ƙulla masa, ta fara neman hanyar da za ta raba shi da aikin, har ta sa jami'ar kula da ma'aikata, Clara, ta sa masa ido. Clara kuwa aminiyar Ayesha ce. Kun ga yadda aka saƙa abin: son zuciyar da ke cikin sunan tsohon littafin an ɗora shi a kan teburin ofis, inda zai iya cinye wa mutum abincinsa. Ita ma Ayesha kallo ɗaya ta yi wa gemu da jallabiyar ta yanke masa hukuncin mai tsanani, shi kuma ya gan ta a wurin da ake karanta waƙe ana shaye-shaye a gefe, ya yanke mata nasa. Kowannensu da ɗan abin da ya dogara da shi, kowannensu kuma ya yi kuskure.

Aikin da ya haɗa su ba na kamfanin ba ne, na kwamitin masallaci ne. Masallacin unguwa yana cikin bashi, ana shirya taron matasa don a samu kuɗi, Ayesha ta je zaman kwamiti a madadin 'yar kawunta Hafsa, aka ɗauka ita ce Hafsa, ita kuma ba ta gyara ba. Khalid ya kamu da son wadda yake zaton sunanta Hafsa. Mahaifiyarsa, Farzana, ta gane inda aka dosa, ta yi wuf ta nema masa auren Hafsa ta gaskiya, 'yar mai kuɗi, shi kuma ya amsa da murna bai san an yi masa musanya ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda iyaye mata ke ƙulla magana a tsakaninsu kafin yara su farga ba zai ce wannan ƙirƙira ce ba. A nan katangar tana da tushe: an riga an ba da magana, manya sun shiga, janyewa zubar da mutuncin gida biyu ne.

Inda ya gaza shi ne kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe. Tarek, wanda ya tsaya a gurbin Wickham, an ɗora masa laifuka sun yi yawa, kuɗin masallaci da yaudarar 'yan mata da tsohon sirrin gidan su Khalid duk a kansa, abubuwa suka riƙa faɗowa a jere kamar fim ɗin Indiya ya kusa ƙarewa. Sheila da Farzana kuma an zana su baƙi ƙirin, babu wani ɗan haske da zai sa a ce su ma mutane ne. Duk da haka shi ne gaba. Babu shafin da za ku yi sauri ku rufe idan ƙanwarku ta leƙo, Turancinsa mai sauƙi ne, kalmomin Urdu da ke ciki kuma ma'anarsu tana fitowa daga zancen. Shafukansa sun ɗan haura 350, hutun Juma'a da Asabar ya isa a gama shi.

Marubutanmu na Hausa da ke Wattpad da zaurukan WhatsApp ya kamata su karanta shi da biro a hannu, domin katangun da muke da su a Hijaz sun fi na Toronto tsayi. A ɗauki ma'aikata biyu a kamfani ɗaya na hidimar alhazai, kakanninsu daga gari ɗaya suka taso, a Misfala ko Shara Mansur aka haifi su duka, amma ita gidansu suna da jinsiya, shi kuwa da iƙama yake zaune. Aure tsakanin ɗan ƙasa da wanda ba ɗan ƙasa ba sai da izinin hukuma, ga maganar makomar 'ya'ya, ga gori a cikin dangi. Wannan ya fi fam 10,000 na Darcy nauyi, ba kuma sai an aro komai daga wani wuri ba.

Littafin Jalaluddin na 2023, Much Ado About Nada, a kan Persuasion na Austen aka ɗora shi. Nada injiniya ce da wani ya yi wa fashin dabarar manhajar da ta ƙirƙira, ta sake haɗuwa da Baz a wani babban taron Musulmi a Toronto bayan shekaru ba su ga juna ba. Yana da kyau, ɓangaren cin amanar kasuwanci ma ya fi soyayyar ƙarfi. Sai dai yawan komawa baya don ba da tarihin su biyun yana katse gudu, kuma sirrin da ke tsakaninsu abu ne da iyaye da yawa a cikinmu ba za su so 'yarsu ta ɗauka da wasa ba. Na manya ne.

By the Book, da maganar mudir

Persuasion ya fito a ƙarshen 1817, watanni kaɗan bayan rasuwar Austen. Anne Elliot tana da shekara 19 ta amsa wa wani matashin sojan ruwa, Wentworth, wanda ba shi da ko sisi. Aminiyar marigayiya mahaifiyarta, Lady Russell, ta lallashe ta ta janye. Bayan shekara takwas ya dawo da fam 25,000, gidansu Anne kuma bashi ya sa sun ba da shi haya. A cikin tsofaffin labaran nan shi ya fi sauƙin kaiwa ofis, domin katangarsa nadama ce da jin nauyi, su kuwa ba sa tsufa.

Sonneborn, a littafinta na 2018, ta mai da Anne malamar adabin Turanci a wata ƙaramar jami'a a Kalifoniya. A tsarin jami'o'in Amurka malami yana da wa'adi: ko ya wallafa littafin bincike a tabbatar da shi a kujerarsa, ko ya tattara ya bar wurin. Anne tana kan wannan siraɗi, ga bashin karatu, ga mahaifi da tsufa ya kama, sai aka naɗa sabon shugaban jami'a, ya zama Adam Martinez, wanda ta fasa aurensa tun suna ɗalibai bisa shawarar malamarta. An cusa wasiƙun imel a tsakanin babi-babi, har da na kamfanonin ɗab'i masu mayar mata da littafinta, kuma su ne suka fi komai daɗi a ciki. Duk wanda ya yi digiri na biyu ko na uku, a Ummul Ƙura ne ko a Jami'ar Sarki Abdul'aziz, zai gane wannan zaman jiran amsa.

Aibinsa babba ɗaya ne: Adam ba ya bayyana sosai. Shafuka masu yawa sun tafi a kan Rick, marubucin da ke neman Anne, da kuma abokin aikinta Larry, har idan aka zo shiryawa sai mutum ya ji bai san angon ba. A wajen Austen ma Wentworth ba ya yawan magana da Anne, amma yana cikin ɗakin, tana jin muryarsa, tana lura da inda ya kalla. A nan ofishin shugaban jami'a ya yi nisa da ajin malama. Sannan akwai mu'amala ba aure tsakanin Anne da Rick, da labarin gefe na Larry wanda ba kowane gida ne zai karɓa ba, ko da yake ba a baje komai a fili ba.

Ku kula da sunan. Akwai wani By the Book na Jasmine Guillory da ya fito a 2022, shi ma soyayya ce a harkar ɗab'in littattafai, amma a kan tatsuniyar kyakkyawa da dodo aka gina shi, ba a kan Austen ba. Idan kuka rubuta sunan kawai a wurin bincike, na 2022 na iya fara fitowa. Ku duba sunan marubuciya kafin ku biya.

Wannan littafin ya kawo mu ga abin da ya fi damun mu a wannan nau'i gaba ɗaya, wato soyayya tsakanin shugaba da na ƙasa da shi. Tushenta tsoho ne. Jane Eyre na Charlotte Brontë, 1847, asalinsa labarin ma'aikaciya ne da maigidanta: Jane tana koyar da yarinya a gidan Rochester a kan fam 30 a shekara. Amma a duba abin da Brontë ta yi. Da Jane ta gano yana da mata a ɓoye a saman bene, ya kuma nemi ta zauna da shi haka nan, sai ta fice da asuba ba ta ɗauki komai nasa ba. Ba ta dawo ba sai da ta gaji fam 20,000, ta raba da 'yan'uwanta uku, ta zama mai cin gashin kanta, shi kuma ya rasa gida da gani. Sai da aka daidaita ma'auni sannan aka ɗaura aure. Yawancin masu sake labarin a yau suna ɗaukar attajiri mai ɗaure fuska da sakatariya, su watsar da ficewar, alhali ita ce ƙashin bayan labarin.

Ga mai karatu a nan wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wadda iƙamarta ke rataye da wurin aikinta, ko take cikin kwanakin gwaji, ta san cewa idan mudir, wato shugaban wurin aiki, ya fara turo saƙo bayan Isha ba labarin soyayya ne ya fara ba. Dokar hana cin zarafi da Saudiyya ta kafa a 2018 ta tanadi ɗauri har shekara 2 ko tara har riyal 100,000, kuma idan a wurin aiki abin ya faru ko mai laifin yana da iko a kan wanda ya zalunta, hukuncin na iya kaiwa shekara 5 da riyal 300,000. Saboda haka idan littafin irin wannan ya zo hannunku, ku nemi abu ɗaya: kafin su fara, an cire ikon ɗaya a kan abincin ɗayan? An yi mata canjin sashe, ko ya sauka, ko ta samu wani aikin? Sonneborn ta kauce wa ramin ta hanyar nisanta su har ƙarshe, wanda shi ne kuma ya raunana soyayyar.

Sauran

Bridget Jones's Diary na Helen Fielding shi ne kakan wannan layi. Ya fara a matsayin shafi a jaridar The Independent a 1995, ya zama littafi a 1996, aka yi fim ɗinsa a 2001. Bridget tana aiki a kamfanin ɗab'i a Landan, shugabanta Daniel Cleaver shi ne Wickham, lauya Mark Darcy kuma sunansa ya riga ya faɗi ko shi wane ne. Fielding ta yi daidai a abu biyu. Ta sa mudir ɗin ya zama mayaudarin, ba angon ba, har Bridget ta bar aikin ta koma talabijin. Ta kuma ɗauke gudun Lydia ta ɗora wa uwar Bridget, wadda ta bi wani ɗan damfara, Mark ya bi sawu ya kashe wutar. Yana da ban dariya ƙwarai. Amma littafin ajiyar sirri ne da yawancin ranakunsa ke buɗewa da lissafin nauyin jiki da sigari da giyar da aka sha, zancen kwanciya a bakin kowa yake, Turancin kuma na titin Landan ne na shekarun 1990, cike da gajerce-gajerce da sunayen mutanen talabijin ɗinsu. Wanda Turancinsa na makaranta ne zai sha wuya.

Pride, Prejudice, and Other Flavors na Sonali Dev, 2019, ya juya abin: macen ce Darcy. Trisha Raje likitar tiyatar ƙwaƙwalwa ce daga gidan sarautar Indiya da suka zauna a Kalifoniya, DJ Caine kuma mai dafa abinci ne da danginta suka ɗauka aikin girkin taro. Ƙanwarsa Emma tana da ƙari a ƙwaƙwalwa, aikin da Trisha za ta yi zai ceci ranta amma za ta rasa ganinta, ga shi kuwa mai zane ce. Katangar nan ta ginu da kyau, domin yana buƙatar kuɗin gidansu da hannun likitar a lokaci guda, ita kuma ta raina shi tun haɗuwar farko. Masu aikin asibiti za su ji daɗinsa, bayanin girkin kuma yana sa yunwa. Sai dai ya doshi shafi 500, farkonsa yana jan ƙafa da tarihin dangi, kuma akwai maganar fyaɗe a tarihin gidan, wanda hakan ke tayar wa hankali ya sani tun yanzu.

Eligible na Curtis Sittenfeld, 2016, ana yawan jera shi tare da waɗannan, amma ba labarin wurin aiki ba ne sosai, rikicin gida ne a Cincinnati. Babi-babinsa gajeru ne, suna gudu, amma a fili yake ƙwarai a maganar kwanciya. Ba na falo ba ne.

Wajen saye

Kafin ku tashi zuwa kanti ku duba manhajar Jarir ko shafinsu ku ga ko reshen da ke kusa da ku yana da littafin, domin waɗannan ba sababbin fitowa ba ne, kantar Turanci kuma sababbi take fi ɗauka. Idan babu, Amazon.sa, wanda ya maye gurbin Souq a 2020, shi ne na gaba. A can ku duba abu uku: wane ne mai sayarwa, daga ina za a turo, da lambar ISBN mai lamba 13. Wanda za a turo daga waje ya fi daɗewa a hanya. Lambar kuma ita ke raba bugun Ingila da na Amurka, waɗanda bangonsu da girmansu sukan bambanta alhali labarin ɗaya ne, kada ku sayi abu guda sau biyu.

Don ku gane ko an tsawwala, ga lissafi. Irin wannan bugu mai bangon takarda a Amurka yakan kama daga dala 16 zuwa 19. Dala ɗaya riyal 3.75 ce, wato riyal 60 zuwa 71, a ƙara harajin kashi 15 cikin ɗari ya zama wajen 69 zuwa 82. Ma'auni ne kawai, ba farashin kanti ba, amma idan kuka ga an haura shi da nisa, ku jira ragi ko baje kolin littattafai na Jidda da ake yi a watan Disamba.

Kalmomin da ake bugawa a bango ko a bayanin littafi suna da amfani. "Closed door" na nufin ana rufe ƙofa idan an zo wurin da ya kamata a rufe. "Steamy" ko "spicy" akasin haka ne, kuma bangon zane mai launin alawa ba shaida ba ce, da yawa masu kama da littafin yara a waje cikinsu ba haka yake ba. "Second chance" yawanci jikan Persuasion ne, "enemies to lovers" kuma jikan Pride and Prejudice. Manhajar Kindle tana ba da farkon littafi kyauta, wanda ya isa ku auna Turancin, amma bai isa ku auna kunyar ba, don irin waɗannan shafuka sai an wuce tsakiya suke zuwa.

Ba dole ne sai kun karanta na asali ba, amma rabin daɗin yana wajen gane wane ne Collins, wace ce Lady Russell. Na asalin kyauta ne a shafin intanet na Project Gutenberg. Idan Turancin ƙarni na 19 ya yi tsauri, jerin Oxford Bookworms yana da Persuasion a mataki na 4, Pride and Prejudice da Jane Eyre a mataki na 6. Masu karatu da Larabci su lura cewa Pride and Prejudice yana da fassara fiye da ɗaya, wata Kibriya' wa Hawa wata Kibriya' wa Tahamul, wasu kuma taƙaitattu ne ba a rubuta hakan ɓaro-ɓaro a bango ba. Ku ƙirga babi, cikakken 61 ne.

Bugun bangon takarda da gam ake manne shi, ba ɗinki ba. Idan aka bar shi a mota a ranar Makka, gam ɗin ya yi laushi, da an buɗe sai shafukan tsakiya su fara zamewa, bangon kuma ya nannaɗe. Ku sa shi a jaka ku shiga da shi ofis. Idan ɗan aike ya kawo muku shi da zafinsa, ku bar shi a kwance a ɗaki mai sanyi na awa ɗaya, da wani abu mai nauyi a kai, kafin ku buɗe.